Ilmin Balaga a Makarantun Ƙasar Augie: Wa Zai Koyar, Kuma da Wane Harshe?

1. Gabatarwa

Maƙasudin wannan takarda shi ne a duba wata mas'ala wadda ta daɗe tana jawo gardama tsakanin iyaye da malamai da hukuma, watau ko ya dace a koya wa yara a makaranta abin da ya shafi balaga, da sha'anin maza da mata, da zaman aure. An ɗauki ƙasar Augie ta zama abin misali. Augie Ƙaramar Hukuma ce cikin Masarautar Argungu, a Jihar Kebbi, tana cikin kwarin Gulbin Rima arewa da garin Argungu, kuma ƙidayar 2006 ta sami mutum fiye da 100,000 a cikinta. Yawancinsu manoma ne da masunta da makiyaya, Musulmi masu bin mazhabar Malikiyya. Abin da za a faɗa game da ita ya shafi mafi yawan garuruwan karkara na ƙasar Hausa.

Abin da mu ke so mu nuna shi ne, wannan ilmi tsoho ne a wurin Bahaushe. Yana da masu koyar da shi, da lokutansa, da kalmominsa. Abin da ya sāke shi ne masu koyarwar nan sun yi nisa da yaro, makaranta kuwa ta karɓe yininsa ba tare da ta karɓi aikinsu ba.

2. Asalin manhajar da a ke gardama a kanta

An fara samun rahoton cutar ƙanjamau a Nijeriya a 1986. Cikin shekarun da suka biyo ta yaɗu, aka kuma lura samari da 'yan mata na cikin waɗanda ta fi yi wa ɓarna. Taron da Majalisar Ɗinkin Duniya ta kira a Alƙahira a 1994 kan yawan jama'a shi ma ya nemi ƙasashe su ilmantar da matasa kan lafiyar haihuwa. A 1999 Majalisar Ilmi ta Ƙasa ta yarda a shigar da wannan darasi makarantu, aka ɗora wa hukumar tsara manhaja, watau NERDC, aikin rubuta shi tare da wata ƙungiya ta Legas mai suna Action Health. Da manhajar farko ta fito a 2001, sai malaman addini, na Musulmi da na Kirista, da jihohi da dama suka ƙi ta. Aka koma aka tace ta, aka zubar da waɗansu babuka, aka sake mata suna Ilmin Zaman Iyali da Cutar Ƙanjamau, aka fitar a 2003, aka kuma bar wa ko wace jiha damar daidaita ta da al'adun mutanenta. Ba a mai da ita darasi mai zaman kansa ba, an dai rarraba ta cikin darussan kimiyya da na zaman jama'a da makamantansu.

A watan Nuwamba na 2022 Ministan Ilmi na lokacin, Malam Adamu Adamu, ya umarci NERDC ta cire wannan fanni daga manhajar firamare da ƙaramar sakandare, bisa hujjar cewa aikin iyaye ne da malaman addini. Waɗansu ƙungiyoyi suka yi ƙorafi, waɗansu suka yaba.

Gardamar ba ta tsaya ga Nijeriya kaɗai ba. Ƙasar Suwidin ta wajabta darasin tun 1955. A Ingila kuwa sai a 2020 aka wajabta koyar da zamantakewa a dukan makarantu, duk da haka aka bar wa iyaye ikon janye 'ya'yansu daga sashen da ya shafi jima'i har yaro ya kusa shekara 16. Ke nan ko a can ba a raina matsayin iyaye ba. To, amma hujjar Minista ta cancanci a auna ta da ma'aunin al'adarmu: shin a gidan Bahaushe iyaye ne ke wannan aiki?

3. Kunya da masu koyarwa na dā

Duk wanda ya san gidan Bahaushe ya san amsar. Tsakanin mahaifi da ɗansa akwai kunya, ta kuma fi tsanani ga ɗan fari, wanda uwa ba ta ko kama sunansa. Uban da zai zaunar da ɗiyarsa ya yi mata bayanin jinin al'ada, mutane za su ce ya yi abin kunya. Uwa ma sau da yawa iyakarta ta lura, ta aika a kira wata.

Al'ada ba ta bar gurbin haka nan ba, sai ta ba waɗansu dangi izinin faɗin abin da iyaye ba su faɗi. Ta farko ita ce kaka. Tsakanin kaka da jika akwai wasa: takan kira jikanta namiji mijinta, ta kira jikarta kishiyarta, cikin wannan wasa kuwa a ke shigar da magana mai nauyi ba tare da kowa ya ji kunya ba. Bayan kaka akwai gwaggo, da yaya wadda ta riga ta yi aure, da uwar riƙo, da ƙawa. Ran biki akwai alwanka da tsofaffin da ke yi wa amarya gargaɗi, ran haihuwa akwai ungozoma da masu wankan jego. Yaro namiji kuma yana da kawu, da wanzamin da ya yi masa kaciya, da yayyensa a wurin gayya da wurin su.

Haɗuwar samari da 'yan mata ita ma tana da tsari. Akwai dandali, inda a ke gaɗa da kiɗa a gaban jama'a, akwai sarkin samari da shugabar 'yan mata masu tsawatawa. Littafin Baba ta Karo, wanda Mary Smith ta rubuta daga bakin wata tsohuwa a ƙasar Zazzau aka buga a 1954, ya bayyana ƙawance da waɗannan sarautu na yara, har da al'adar tsarance wadda malamai suka yi ta wa'azi a kanta.

Kada mai karatu ya ɗauka wannan tsari ba shi da aibu. Abu da yawa ba a gaya wa yarinya sai daren da za a kai ta, an kuma cuɗa gaskiya da camfi. Amma dai yaro ya san wanda zai tambaya.

Yau fa? Shirin ilmin firamare na kowa da kowa ya fara a 1976. An ƙaddamar da wanda ya gaje shi a Sakkwato a 1999, dokar 2004 kuma ta wajabta karatun shekara tara. Yarinyar da ta shiga makarantar kwana a Argungu ko Birnin Kebbi, mai yiwuwa ne jininta na farko ya zo mata a ɗakin kwanan ɗalibai, kaka na can gida. Dandali ya mutu a garuruwa da yawa. Samari na tafiya cin rani tun suna ƙanana. Wurin kaka da gwaggo sai littattafan soyayya suka shiga tun ƙarshen shekarun 1980, finafinai suka biyo, sa'an nan wayar hannu ta zo da abin da babu mai tace shi. Idan aka ce a bar wa iyaye, alhali kunya ta rufe musu baki, to, a zahiri an bar wa waya ne da abokan banza.

4. Abin da littattafan fiƙihu suka koyar

Rabi na biyu na hujjar Minista, watau malaman addini, ya fi ƙarfi. Almajirin da ya shiga karatun littattafai a zaure yakan fara da Ƙawa'idi da Ahalari da Ishmawi da Iziyya, kāna Risala. Dukansu sun yi maganar tsarki ba tare da ɓoye-ɓoye ba. Risala, wadda Ibn Abi Zaid na Ƙairawan ya wallafa a ƙarni na 10, don koyar da yara aka nemi ya rubuta ta, amma ga shi tun a babukan farko ta rarrabe maniyyi da maziyyi da wadiyyi, ta faɗi abin da ke wajabta wanka. Ahalari, na Abdurrahman al-Akhdari na ƙarni na 16, ya faɗi hukuncin haila da na jinin biƙi: mafi tsawon haila ga wadda ta fara kwana 15 ne, mafi tsawon biƙi kwana 60. Malaman Malikiyya sun lissafa alamomin balaga, watau mafarki, da haila, da ciki, da tsirowar gashin mara, in kuwa babu ko ɗaya sai a jira cikar shekara 18.

Dalilin wannan fili ya ke. Da zarar yaro ya balaga salla da azumi sun hau kansa, ba kuwa za su inganta ba sai ya san tsarki. Sanin wannan farilla ce a kan ko wane baligi, namiji ko mace. Ya zo a hadisi cewa Nana A'isha ta yabi matan Madina domin kunya ba ta hana su neman sanin addini ba. An kuma yi umarni a raba wa yara shimfiɗa in sun kai shekara goma, Suratun Nur ta koya musu neman izini kafin shiga ɗakin manya a lokuta uku. A wannan yanki namu Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya zargi malaman da ke barin matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci, 'yarsa Nana Asma'u kuma, wadda ta rasu a 1864, ta kafa tsarin 'yan taru don ilmi ya kai ga matan ƙauye.

Sai dai akwai giɓi biyu. Na ɗaya, 'yan mata da yawa a karkara ba su kai ga waɗannan littattafai kafin a yi musu aure. Na biyu, fiƙihu hukunci ya ke bayarwa. Yana gaya wa yarinya ranar da za ta bar salla, amma ba aikinsa ba ne ya bayyana mata yadda ciki ke shiga, ko alamar cuta, ko ranar da ya kamata a garzaya asibiti.

5. Abin da rashin sani ke jawowa a kwarin Rima

Misali na farko tsargiya ce, cutar da ke bin mutanen fadama da bakin gulbi. Wata 'yar tsutsa ce da ke rayuwa cikin dodon koɗi a ruwa mai kwanciya. Takan huda fatar mai wanka ko mai aikin shinkafa, ta yi ƙwai a jikin mafitsara, sai yaro ya riƙa ganin jini a ƙarshen fitsarinsa. A wurare da dama na Afirka ta Yamma an daɗe ana ɗaukar wannan jini alamar girma ce ga ɗa namiji, sabo da haka ba a neman magani, alhali kuwa ƙwayoyi ne a ke sha a warke. Ga 'ya mace abin ya fi muni, don ƙwan tsutsar kan zauna a al'aura ya jawo ƙaiƙayi da zubar jini, har a zarge ta da abin da ba ta aikata ba. Darasi guda na rabin sa'a ya isa ya raba yaro da wannan ruɗu.

Misali na biyu yoyon fitsari. Yawanci doguwar naƙuda ke kawo shi: kan jariri ya tokare, ya danne naman da ke tsakanin mafitsara da farji kwana da kwanaki, naman ya mutu, rami ya buɗe. Yana iya samun mace ko wace iri in asibiti ya yi nisa ko an yi jinkirin kai ta, amma hatsarin ya fi yawa ga yarinyar da ƙugunta bai gama faɗi ba, don ganin haila ba shi ne cikar girman ƙashi ba. Yankan gishiri ma na jawo shi. Akwai cibiyar gyaran wannan lalura a Gesse cikin Birnin Kebbi, akwai ta Babbar Ruga a Katsina, inda likita Kees Waaldijk, mutumin Holan, ya yi wa dubban mata aiki tun daga shekarun 1980. Saurayin da aka koya wa tun yana makaranta cewa naƙudar da ta wuce yini guda ta asibiti ce, shi ne mijin da gobe ba zai tsaya jiran gari ya waye sau biyu ba.

Misali na uku, a watan Oktoba na 2023 Nijeriya ta fara yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 allurar rigakafin sankarar bakin mahaifa. Inda ba a san mene ne bakin mahaifa ba, jita-jita ce ke riga mai allura isa gari.

6. Haƙƙin yaro a doka da addini da al'ada

Majalisar Ɗinkin Duniya ta zartar da yarjejeniyar haƙƙin yara a 1989, Nijeriya ta amince da ita a 1991, ta kuma kafa tata dokar a 2003, wadda ta ce duk wanda bai kai shekara 18 ba yaro ne, ta hana a yi masa aure. Dokar ba ta aiki a jiha sai majalisar jihar ta karɓe ta. Jihohin Arewa sun daɗe ba su karɓa ba, da yawa kuma sai da suka yi mata gyara. Jihar Kebbi ta yi tata a zamanin Gwamna Abubakar Atiku Bagudu. Zancen shekarun aure bai mutu ba, kamar yadda gardamar Majalisar Dattawa ta 2013 kan sashe na 29 na Tsarin Mulki ta nuna.

Ba wajibi ne malamin makaranta ya jira a gama wannan gardama ba, domin akwai haƙƙoƙi huɗu waɗanda doka da addini da al'ada suka haɗu a kansu. Na farko, yaro ya san abin da zai faru a jikinsa kafin ya faru. Na biyu, ya san jikinsa amana ce, babu mai ikon taɓa al'aurarsa, ko malami ne ko ɗan'uwa, ya kuma san wanda zai kai wa ƙara. Na uku, a shawarci yarinya kan wanda za ta aura. Ko da ya ke Malikiyya ta ba uba ikon aurar da budurwa, malamai sun so a nemi izininta, hadisi ma ya zo da haka. Al'adar zance kuwa, inda saurayi ke zuwa zaure da abokinsa bayan an ba shi izini, yarinya ta fito da ƙanwarta, hanya ce da Bahaushe ya shirya don biyun su san juna a gaban idon manya. Na huɗu, a kai mai ciwo ga magani ba tare da an tozarta shi ba.

Tsoron iyaye kuma ba na banza ba ne. Suna gudun a buɗe wa yaro ido, suna gudun littafin da aka rubuta don wata ƙasa, suna gudun malami namiji ya keɓe da 'yan mata da sunan darasi. Game da na farko, hukumar UNESCO ta tattara bincike masu yawa a jagorar da ta fitar a 2009 ta sabunta a 2018, aka ga darasin da aka tsara da kyau ba ya gaggauta fara jima'i, sau da yawa ma jinkirta shi ya ke yi. Da yawa daga binciken nan a Amurka aka yi su, don haka a yi amfani da su da lura. Sauran biyun kuwa maganinsu na hannun masu tsara makaranta.

7. Mas'alar harshe

A nan ne aikin masu nazarin Hausa ya ke. Tun daga suna aka fara tuntuɓe. Da aka fassara darasin da ilmin jima'i, abin da kunnen Bahaushe ya ji shi ne za a koya wa yara yadda a ke yi. Da an ce ilmin balaga da tsarki da zaman iyali, da liman da kansa ya ce ai nasu ne.

Hausa na da hawa uku na magana kan wannan sha'ani. Akwai batsa, wadda ba ta shiga aji. Akwai sakaya, irin su gaba, da fashin salla, da ɓatan wata, da juna biyu, da saduwa, da ciwon sanyi. Akwai kuma kalmomin fiƙihu da aka aro daga Larabci: haila, janaba, maniyyi, farji, azzakari, al'aura. Sakaya ta dace da zaman gida, amma tana da illa wajen koyarwa, don kalma guda kan rufe abubuwa da yawa. Ciwon sanyi, alal misali, suna ne da a ke ba cututtuka dabam-dabam masu magani dabam-dabam. Yarinyar da aka cuta, in sakaya kaɗai ta sani, ba za ta iya gaya wa likita ko alƙali abin da aka yi mata ba. Kalmomin fiƙihu kuwa sun haɗa tsabta da fayyacewa, kunne ya saba jin su a masallaci, sabo da haka su ya kamata su zama harsashin darasin, a cika su da kalmomin asibiti irin su mahaifa da mafitsara da ƙwayar cuta.

A kuma tuna Hausar Kabi ta yamma ce, littattafan makaranta kuwa galibi da Hausar Kano a ke rubuta su. Kalmar da ba ta da laifi a wani gari tana iya zama abin dariya ko abin kunya a wani. Ya kamata a bi tsofaffin Augie da ƙauyukanta, da ungozomomi da alwanka, a rubuta kalmominsu da irin gargaɗin da su ke yi wa amare, tun suna raye.

8. Abin da ya rataya a wuyan kwalejojin horon malamai

Malaman da za su tsaya gaban yaran Augie, da yawansu daga Kwalejin Ilmi ta Adamu Augie da ke Argungu su ke fitowa. Ga abin da mu ke ganin ya kamata a horar da su a kai.

Da fari, a fara da wuri, tun aji biyar da shida na firamare, don yawancin 'yan mata kan fara haila tsakanin shekara 11 da 15, waɗansu kuma daga firamare ba su ƙara gaba. Na biyu, a raba maza da mata a wannan darasi, mace ta koyar da mata. Inda babu malama, a nemi ma'aikaciyar asibitin garin ko malamar Islamiyya. Na uku, malamin addini da na kimiyya su shirya darasin tare, ɗaya ya kawo hukunci, ɗaya ya kawo dalilin halitta, kada yaro ya ji suna karo da juna. Na huɗu, kafin a fara a tara iyaye da hakimi da liman a karanta musu abin da za a koyar, kalma bayan kalma. Na biyar, malami ya san iyakarsa: ya riƙe sirrin yaro, ya tura mai ciwo asibiti, in kuwa an cuci yaro ya kai maganar ga shugaban makaranta da hukuma, ko da mai laifin abokin aikinsa ne.

Ko manhajar tarayya ta ambaci wannan fanni ko ba ta ambata ba, babin tsarki na nan cikin darasin addini, babin jikin mutum na nan cikin darasin kimiyya, yara kuma za su ci gaba da balaga ko wace shekara. Abin da ya rage ga kwalejoji shi ne su fitar da malamin da ya san waɗannan babuka, ya san kalmomin da zai faɗe su da su a Hausar mutanen wurin, iyaye kuma suka amince da shi kamar yadda suka amince da kaka da gwaggo a dā.